Ranar da Camden ta sallami kusan rabin 'yan sandanta

Ranar Talata 18 ga Janairun 2011, cikin tsananin hunturu, 'yan sanda 168 a birnin Camden na jihar New Jersey ta Amurka suka miƙa bajonsu da bindigoginsu suka koma gida. Babu wanda aka kama da laifi a cikinsu. Kuɗin biyansu ne babu. A ranar kuma aka sallami 'yan kwana-kwana 67, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na masu kashe gobarar garin. Rundunar 'yan sandan da ba ta kai mutum 400 ba ta wayi gari kusan rabinta ya tafi, a birnin da a lokacin ake lissafa shi cikin mafiya haɗari a duk faɗin Amurka.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya tambaya, ta yaya ƙasa mai arzikin Amurka za ta rasa albashin ɗan sanda? Amsar tana cikin yadda suka tsara aikin tun asali. A can babu runduna ɗaya tilo da gwamnatin tarayya ke biya daga babban birni. Akwai hukumomin 'yan sanda kusan 18,000, kowane birni da tasa, kowace gunduma da tata, kowace jiha da tata. Ɗan sandan birni ma'aikacin birni ne, magajin gari da 'yan majalisarsa ke tsara kasafin da ake biyansa daga ciki, kuma babban tushen wannan kasafi shi ne harajin gidaje da filaye. Garin da gidajensa ke da tsada yana tara haraji mai kauri ya ɗauki 'yan sanda yadda yake so. Garin da gidajensa suka zama kufai ba ya tara komai. To kuma garin kufan nan shi ne ya fi kowa buƙatar ɗan sanda. Duk rikicin da zan yi bayani a nan daga wannan karkatacciyar ma'auni ya taso.

Camden ba a haka ta taso ba. Tana bakin kogin Delaware, tana kallon Filadelfiya daga tsallake. A shekarun 1950 mazaunanta sun haura 120,000, ga masana'antar ƙera jiragen ruwa, ga kamfanin rediyo da faifai na RCA, ga kamfanin miyar gwangwani na Campbell. Ma'aikatar jiragen ta rufe a 1967, sauran masana'antu suka yi ta janyewa, masu hali suka kwashe iyalansu zuwa garuruwan gefe. Kafin ƙidayar 2010 mutanen sun ragu zuwa kimanin 77,000, mafi yawansu baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka, kuma talauci ya yi musu katutu. Abin ya kai harajin gidajen da birnin ke tarawa a shekara bai isa ya biya kuɗin rundunar 'yan sanda kaɗai ba, balle makarantu da hanyoyi da shara. Gwamnatin jiha ce ke cike giɓin kowace shekara, har ma daga 2002 zuwa 2010 ta karɓe ragamar tafiyar da birnin kacokan.

Sai guguwar karyewar tattalin arziki ta 2008 ta zo. Farashin gidaje ya faɗi, haraji ya ragu, jihohi suka shiga matsi. A Janairun 2010 Chris Christie na jam'iyyar Republican ya hau kujerar gwamnan New Jersey da alƙawarin tsuke bakin aljihu, ya rage tallafin da jiha ke ba birane, ya kuma sa hannu kan dokar da ta hana ƙananan hukumomi ƙara harajin gidaje fiye da kashi 2 cikin ɗari a shekara. Magajiyar garin Camden, Dana Redd, ta sami kanta da giɓin dala miliyan 26 da rabi. A kasafin birni irin wannan, albashin 'yan sanda da 'yan kwana-kwana shi ne kaso mafi tsoka, don haka duk inda aka juya wuƙar sai ta sauka a kansu.

Camden ba ita kaɗai ba ce. A ƙarshen Nuwamban 2010 Newark, birni mafi girma a jihar, ta sallami 'yan sanda fiye da 160 a zamanin magajin gari Cory Booker. Paterson ta sallami 125 a 2011, Trenton, babban birnin jihar, ta sallami fiye da 100. Can yamma a California, Oakland ta sallami 80 a Yulin 2010. Wani ofishi a ma'aikatar shari'a ta tarayya ya ƙiyasta cewa kafin ƙarshen 2011 za a sallami 'yan sanda kusan 12,000 a faɗin ƙasar, ban da gurabe kusan 30,000 da aka bari babu kowa.

Amma Camden ce ta fi nuna cikin al'amarin ƙarara, musamman abin da ke faruwa a teburin tattaunawa tsakanin hukuma da ƙungiyar 'yan sanda, kuma a nan nake so in daɗe.

'Yan sandan Amurka suna da ƙungiyoyin ƙwadago, suna kuma ƙulla yarjejeniyar aiki ta shekara uku ko huɗu da hukumar birni, wadda ta ƙunshi albashi, alawus, kuɗin asibiti, hutu da tsarin ladabtarwa. Abu ɗaya da ba su da shi shi ne yajin aiki. Tun 1919, lokacin da 'yan sandan Boston fiye da 1,000 suka ajiye aiki, gari ya rikice, gwamna Calvin Coolidge ya turo dakarun jiha aka kuma maye gurbin masu yajin gaba ɗaya, wannan ƙofa ta rufu. Abin da New Jersey ta ba su a madadin haka, tun wata doka ta 1977, shi ne alƙalin sasanci: idan ɓangarorin biyu suka kasa daidaitawa, sai a kai maganar gaban mai shiga tsakani wanda hukuncinsa ya zama tilas a kan kowa. Shekara da shekaru wannan tsari ya yi wa 'yan sanda daɗi, domin mai sasancin kan duba abin da garuruwan maƙwabta ke biya ya yanke daidai da shi. Ta haka albashin ɗan sandan Camden ya riƙa bin sawun na garuruwa masu arziki, alhali aljihun Camden yana ƙara ramewa. A Disambar 2010 majalisar jiha ta ƙayyade cewa mai sasanci ba zai ba da ƙarin da ya wuce kashi 2 cikin ɗari ba, amma wannan bai taɓa yarjejeniyoyin da aka riga aka sa wa hannu ba.

Yarjejeniyar Camden kuwa ta tara abubuwa. Akwai ƙarin kashi 10 cikin ɗari ga mai aikin dare, wanda kowa zai fahimta. Akwai kuma ƙarin kashi 4 ga mai aikin rana, da ƙari na daban ga mai daɗewa a aiki, da ƙari ga 'yan runduna ta musamman. Waɗanda suka soki ƙungiyar sun yi ta nuna wannan alawus na aikin rana a matsayin shaidar haɗama. Ni ina ganin akwai abin da suka tsallake. Irin waɗannan ƙare-ƙare ba ɗan sanda ya rubuta wa kansa su ba. 'Yan siyasa ne suka sa hannu a kansu, shekara bayan shekara, domin ya fi musu sauƙi su ɓoye ƙarin albashi a cikin alawus da alƙawarin fansho, wanda wani magajin gari na gaba zai biya, da su fito fili su ce sun ƙara albashi. Mutumin da ya karɓi aiki bisa waɗannan sharuɗɗa, ya ci bashin gida na shekara 30 a kansu, ya sa yara a makaranta a kansu, ba za a ce ya yi laifi ba don ya riƙe takardar da hukuma ta ba shi da hannunta.

Ga yadda hukuma ke shigowa teburin: ko ku yarda a rage muku, ko mu sallami wasunku. Maganar a baki mai sauƙi ce, amma a cikin ƙungiya tana raba kan mutane gida biyu, saboda dokar aikin gwamnati ta jihar ta ce wanda ya zo ƙarshe shi ke fara fita. Tsohon da ya yi shekara 22 yana jiran ritaya ya san sallamar ba za ta iso gare shi ba, kuma ya san ana lissafa fanshonsa ne da albashinsa na ƙarshe, don haka duk ragin da ya amince da shi yau zai iya binsa har kabari. Kurtun da ya yi shekara uku, ga sabuwar amarya ga jariri, shi a shirye yake ya karɓi ragin in dai zai tsira da aikinsa. Kashin dankali ke nan, na sama ya danne na ƙasa, kuma shugaban ƙungiya yana tsakiya, ƙuri'un da suka zaɓe shi galibi na tsofaffin ne. A Newark shugabannin ƙungiyar ba su ma kai tayin hukuma gaban mambobi don a kaɗa ƙuri'a ba, abin da ya ƙona ran da yawa daga cikin matasan da aka sallama.

Wannan doka ta bin shekarun aiki tana da wata illa da ba a cika lura da ita ba. Kurata su ne mafi arha a runduna, saboda haka in ana so a tara wani adadi na kuɗi dole a sallami da yawa daga cikinsu. Su ne kuma masu sintirin dare, masu ƙafar bin ɓarawo a lungu. A Camden sallamar ta yi zurfin da ta cinye har waɗanda suka haura shekara goma a aiki. Aka rage wa manya muƙami, aka fito da masu binciken manyan laifuka da masu aikin ofis aka mayar da su cikin motar sintiri. Fayil ɗin da mai bincike ke bi ya zauna a kan tebur babu mai buɗe shi. Waɗanda aka sallama kuwa, waɗanda birnin ya kashe kuɗi ya horar, wasunsu garuruwan gefe da wasu jihohi suka kwashe su a ɓagas.

Kwana ɗaya bayan sallamar, ƙungiyar ƙananan 'yan sandan Camden, ƙarƙashin shugabanta John Williamson, ta kaɗa ƙuri'a kan tayin da zai dawo da mutum kusan 100: kowa ya yi hutun dole na kwana uku a wata babu albashi har wata shida, sannan kwana ɗaya a wata har shekara guda. Ga mai aikin kwana 21 a wata, kwana uku kashi ɗaya ne cikin bakwai na abin da yake kai wa gida. Aka yi watsi da tayin da ƙuri'a 300, mutum ɗaya tak ya amince.

Ƙuri'a irin wannan ta wuce a ce son kan tsofaffi ne kawai. Rashin yarda ne ya yi magana. Abin da ƙungiyoyin 'yan sanda suka yi ta nema a ko'ina a wannan lokaci shi ne tabbaci a rubuce: in mun sadaukar, ku yi alƙawarin ba za ku dawo baɗi ku sake sallama ba. A Oakland a kan wannan gaɓa tattaunawa ta watse. 'Yan sandan sun yarda su fara zuba kashi 9 cikin ɗari na albashinsu a asusun fansho, suka nemi tabbacin shekara uku babu sallama, birnin ya ce shekara ɗaya kawai zai iya. Kuma gaskiyar magana, magajin garin da kasafinsa ke rataye a kan abin da gwamna zai aiko masa ba shi da ikon yin alƙawarin shekara uku. Shi ma ɗan sandan yana da hujjar tsoron a rage masa yau a kuma kore shi gobe, ya yi biyu babu. Kowane ɓangare yana faɗin gaskiya game da halin da yake ciki, shi ya sa sulhun ya yi wuya.

Duk da haka ban ɗauke wa ƙungiyar Camden laifi ba. A arewacin jihar, birnin Jersey City ya shiga irin wannan matsi, an ma tsara sallamar 'yan sanda 82, amma a farkon 2011 ƙungiyarsu ta karɓi sassauci aka ceci ayyukan. Bayan shekaru wasu masana biyu, Eric Piza da Vijay Chillar, sun kwatanta alƙaluman Newark da na Jersey City, birane biyu maƙwabta da suka fuskanci matsala ɗaya suka ɗauki hanya daban, suka gano laifukan tashin hankali da na sata sun ƙaru a Newark bayan sallamar fiye da yadda za a yi tsammani in da ba a yi ta ba. Ƙungiyar da ta san garinta yana cikin wuta, ta kuma san aljihun garin fanko ne, ya kamata ta auna cewa taurin kai a teburi yana da farashi, kuma ba ita kaɗai za ta biya ba.

Talakan Camden ne ya fara biya. Rundunar ta sanar cewa ba za ta riƙa zuwa ƙananan haɗurran mota da ƙananan sace-sace da ɓarnar dukiya ba, sai dai mutum ya kai rahoto ta waya ko ya je ofis. Oakland ma ta fitar da jerin laifuka 44 da ɗan sanda ba zai ƙara zuwa wurinsu da kansa ba, ciki har da fasa gida. Masu sayar da ƙwaya suka baje kolinsu a kusurwoyin tituna da rana tsaka. A watan Afrilun 2011 aka samo wasu kuɗi aka dawo da 'yan sanda 50, daga baya tallafin tarayya ya dawo da wasu, amma rundunar ba ta farfaɗo ba. Waɗanda suka rage suna aikin mutum biyu, gajiya da ɓacin rai suka yi yawa, har ta kai a wasu ranaku kusan kashi 30 cikin ɗari ba sa zuwa aiki, wannan ya ce ba shi da lafiya, wancan ya ɗauki hutu. Hukuma ta kira wannan zagon ƙasa, 'yan sanda suka kira shi ƙarewar ƙarfi, kuma ina jin akwai duka biyun a ciki. A tsakiyar wannan hali, a Yunin 2011, jiha ta zartar da dokar da ta ɗaga abin da ɗan sanda ke zubawa a fansho daga kashi 8 da rabi zuwa kashi 10, ta ɗora masa wani kaso na kuɗin inshorar lafiya, ta kuma dakatar da ƙarin tsadar rayuwa da ake yi wa 'yan fansho. Wanda ya tsira daga sallama ya ga abin da ke shiga asusunsa ya ragu duk da haka.

A 2012 an kashe mutum 67 a Camden, adadin da garin bai taɓa gani ba. A gari mai mutum 77,000, wannan na nufin da wuya a sami unguwar da ba a yi zaman makoki ba. Masu fafutuka suka riƙa kafa gicciye ɗaya a filin da ke gaban sakatariyar birni duk lokacin da aka kashe wani, har filin ya cika.

Daga nan ne aka ɗauki matakin da ya sa sunan Camden ya zagaya duniya. Gwamna Christie, da magajiyar gari Redd 'yar jam'iyyar Democrat, da shugabannin gundumar Camden, da goyon bayan George Norcross, jigon siyasar kudancin jihar, suka haɗa kai aka rushe rundunar birnin gaba ɗaya. Ranar 1 ga Mayun 2013 sabuwar runduna mai sunan gunduma ta karɓi aiki, kodayake a shekarun farko babu wani gari a gundumar da ya shiga cikinta sai birnin Camden kaɗai. Shugaban tsohuwar rundunar, Scott Thomson, shi ya zama shugaban sabuwar. Ofishin bai canza ba, titunan ba su canza ba. Abin da ya mutu shi ne tsohuwar yarjejeniyar aiki, domin mai ɗaukar aikin ya canza suna. Duk wanda ke son ci gaba sai ya sake cike takardar neman aiki kamar baƙo, a sake yi masa tambayoyi da gwaji. Kimanin 150 daga cikin tsofaffin suka samu shiga. Alawus-alawus ɗin nan suka tafi, kurata suka shigo da albashin farawa mai rauni, kuma a lissafin hukumar gundumar abin da ake kashewa kan ɗan sanda guda a shekara, albashi da sauran haƙƙoƙi, ya sauko daga kimanin dala 182,000 zuwa ƙasa da 100,000. Da wannan ragi aka ɗauki mutane har rundunar ta doshi 400, aka kuma ɗauki farar hula su riƙe ayyukan ofis.

Mazauna garin da ba su yarda ba sun tara sa hannu suna neman a kai maganar ga ƙuri'ar jama'a. Magajiyar gari ta kai su kotu ta tare ƙuri'ar. A 2015 kotun ƙolin jihar ta ce hujjar da aka kafa wajen hana su ba ta tsaya ba, sai dai bakin alƙalami ya riga ya bushe, tsohuwar rundunar ta shekara biyu da rushewa. Wannan ɓangare na labarin ba a cika ba da shi ba, kuma yana damuna, domin mutanen da aka ce ana yi dominsu ba a bar su sun faɗi ra'ayinsu ba.

Sakamakon kuwa, wajibi ne a faɗe shi yadda yake. Kisan kai ya ragu, cikin 'yan shekaru ya sauko ƙasa da rabin na 2012. Thomson ya sauke 'yan sanda daga mota ya sa su yawo da ƙafa suna ƙwanƙwasa ƙofofi suna gabatar da kansu, ya horar da su kan kwantar da tarzoma kafin a kai ga bindiga, ya umarce su da su ɗauki wanda aka harba a motarsu zuwa asibiti maimakon jiran motar asibiti. A Mayun 2015 shugaba Barack Obama ya je garin ya yaba. Amma shekarar farko zuwa ta biyu ba su yi daɗi ba: sababbin 'yan sandan suka yi ta rubuta wa mutane tara a kan ƙananan abubuwa, har da hawa keke babu ƙararrawa, ƙorafin cin zali ya yi yawa, sai da 'yan jarida da ƙungiyoyin kare haƙƙi suka matsa kafin rundunar ta gyara, ƙorafin ya faɗi ƙasa ƙwarai. Ga kuma matsalar da arhar ta haifar: kurtu ya samu horo a Camden, ya yi shekara ɗaya ko biyu, ya tsallaka garin da ya fi biya. Sabuwar rundunar ma ba ta daɗe ba ta kafa tata ƙungiyar ƙwadagon, albashi ya fara hawa, kasafin ya ƙaru.

A 2020, bayan kashe George Floyd a Minneapolis, lokacin da masu zanga-zanga ke kiran a rage kuɗin 'yan sanda ko a rushe su, mutane da yawa sun riƙa kawo Camden a matsayin misali. Misalin bai zauna daidai ba. Rage kuɗin 'yan sanda na gaskiya shi ne abin da ya faru a Janairun 2011, kuma abin da ya biyo baya shi ne gicciye 67. Abin da aka yi a 2013 ƙara yawan 'yan sanda ne a kan titi da farashi mai sauƙi, tare da sauya yadda suke mu'amala da jama'a.

Akwai tambayar da tsofaffin 'yan sandan Camden ke yi har yau, kuma ban ga wanda ya ba ta amsa mai gamsarwa ba. A 2011 an ce musu babu kuɗi. A 2013 jihar nan dai ta biya kuɗin kafa sabuwar runduna, ta kuma ci gaba da aiko da tallafin da birnin ke biyan gundumar da shi, dala miliyan sittin da wani abu a shekara a lokacin. Har yau harajin Camden bai isa ya riƙe 'yan sandanta ba, jiha ce ke riƙe da su. Ashe ke nan kuɗin yana nan, sharaɗi aka gindaya masa, sharaɗin kuwa shi ne a karya yarjejeniyar. Mai goyon bayan Christie zai ce daidai ne, bai kamata mai biyan haraji a wani gari ya ci gaba da zuba kuɗi a tsarin da kashi 30 ba sa zuwa aiki ba, kuma wannan magana tana da nauyi. Sai dai tsakanin Janairun 2011 da Mayun 2013 wata 27 ne da 'yan kwanaki, kuma a cikinsu aka bar gari da ƙarancin masu tsaro ana jiran wani ɓangare ya gaji ya sallama. Waɗanda aka binne a wannan tsakani ba su da kujera a teburin.

Dalilin da ya sa nake ganin labarin ya shafe mu shi ne muhawarar 'yan sandan jihohi da ake ta yi a Najeriya. Galibin masu magana sun fi tsayawa kan tsoron kada gwamna ya mayar da su karnukan farautar 'yan adawa, kamar yadda aka zargi 'yan dokan En'e a jamhuriya ta farko kafin a fara narkar da su cikin rundunar tarayya bayan juyin mulkin 1966. Tsoro ne mai tushe. Amma tambayar wa zai biya, kuma me zai faru a shekarar da kason wata-wata ya ragu, ba ta samun rabin wannan kulawa. Ba a manta ba, a 2015 jihohi da dama sun kasa biyan albashi na watanni har sai da gwamnatin tarayya ta ba su kuɗin ceto. Malamin makaranta da ba a biya ba yana zama a gida. Mai bindiga da ba a biya ba lamarinsa daban ne. Kuma jihohin da 'yan bindiga suka fi addaba a arewa maso yamma da arewa maso gabas suna cikin waɗanda harajin cikin gidansu ya fi ƙaranci, ma'aunin nan dai na Camden.

Ɗan sandan Najeriya ma ba shi da teburin da takwaransa na New Jersey ke da shi, domin doka ba ta ba shi damar kafa ƙungiyar ƙwadago ba. Kukansa kan fito ne ta wasu ƙofofi. A Fabrairun 2002 ƙananan 'yan sanda suka yi yajin aiki kan albashi da ƙarin girma, ba a jima ba aka sauke Sufeto Janar Musiliu Smith. A Yulin 2025 tsofaffin 'yan sanda suka yi dafifi a ƙofar majalisar tarayya a Abuja suna neman a fitar da su daga tsarin fanshon da ake tarawa daga albashi, suna cewa abin da ake ba su bayan shekara 35 na aiki ba ya riƙe gida. Duk jihar da za ta kafa rundunarta za ta gaji waɗannan tambayoyi tun ranar farko: wa ke riƙe da fanshon, wa zai tsaya wa kurtu in aka ce za a rage mutane, wa zai raba gardama tsakanin gwamna da masu kaki in asusu ya bushe, kuma ko akwai wani kaso da za a cire daga tushe wanda gwamna ba zai iya taɓawa ba. Camden tana da jiha mai arziki a bayanta da ta ɗauki nauyin daga ƙarshe, kuma ko da hakan sai da ta yi fiye da shekara biyu a cikin ramin.